Yadda ake fito da mutanen ƙauye zaɓe, tun daga karɓar kati har raka akwati

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani ƙanena da ya gama sakandare bara ne ya tsare ni a teburin mai shayi da tambaya, wai Yaya me kuke yi ne mutanen akwatinmu suke fitowa zaɓe haka, alhali ƙauyen da ke gabanmu ranar zaɓe rabinsu suna gindin bishiya rabi suna fadama? Na ce masa wannan amsar ba ta tsaye ba ce, bari in samu natsuwa in rubuta maka, in wani ma ya gani ya amfana. Tun zaɓen 2011 nake wannan aiki a ƙauyenmu nan ƙasar Ringim, ba ni riƙe da muƙami a kowace jam'iyya kuma ban taɓa tsayawa takara ba, abin da na iya shi ne bin gida-gida har mutum ya mallaki katinsa ya je ya dangwala wa wanda ransa yake so.

Abu ɗaya ka riƙe kafin mu shiga bayani, a akwati ake cin zaɓe kuma a akwati ake fara sace shi. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27 da mazaɓu 287, kowace mazaɓa da akwatunanta. Jigawa ta fi ƙarfinka, mazaɓarku ma ta fi ƙarfinka a farko, amma akwati ɗaya wanda ka san iyayen mutanen cikinsa ka san gonakinsu, wannan kam za ka iya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 mutum sama da miliyan 93 ne a rajistar hukumar zaɓe ta ƙasa, wato INEC, waɗanda suka fito ba su kai 30 cikin 100 ba, toh duk sunan da mai shi ya zauna a gida fili ne aka bar wa mai buhun kuɗi da mai 'yan daba.

KAYAN AIKI

- Littafi babba mai bango mai kauri, da biro biyu. Kar ka ce za ka riƙe komai a waya, waya tana mutuwa tana ɓata. Ka samu leda mai kyau ka riƙa saka littafin saboda damina.
- Waya mai ɗaukar hoto sosai, da fawa bank. In taka ƙarama ce ba laifi, ta kira ta isa, sai ka nemi wani a tawagarku mai babba.
- Tocila mai ƙarfi da sabon batir, saboda sau da yawa ƙirga yana kai mu dare.
- Tawadar sitam da fararen takardu na koya wa mutane dangwale. In babu tawada shuni ma yana yi, ko baƙin tukunya da ɗan mai.
- Keke ko babur. In babu sai ƙafa, ƙauye ne.
- Tabarmi, benci biyu da jarkokin ruwan sha na ranar zaɓe.
- Katin zaɓenka kai kanka. Wanda ba shi da kati ba shi da bakin ce wa wani ya je ya karɓo nasa.

Maganar kuɗin mai da fotokofi, karo-karo muke yi a tsakaninmu, kowa abin da ya samu. Ban yarda a karɓi na ɗan takara ba, domin ranar da ka karɓa daga ranar ka zama yaronsa, kuma a ƙauye magana ba ta ɓuya. In kuma kai ɗan jam'iyya ne kana yi wa naku aiki, wannan haƙƙinka ne, sai dai ka faɗa a fili tun farko, kar ka shigo wa mutane da rigar wayar da kai alhali da wata manufa a ƙasa.

MATAKI NA 1: Fara da gaisuwa

Kafin ka buga sallama a ƙofar kowa ka je wajen maigari ko mai unguwa, ka cire takalmi ka durƙusa, ka ce ranka ya daɗe mun zo ne mu sanar da kai za mu zaga gidaje mu ga wa ke da katin zaɓe wa ba shi da shi. Daga nan ka wuce wajen liman, Allah gafarta Malam ga abin da muke shirin yi, a sa mana albarka. In garinku masallatan Juma'a biyu ne ka je duka biyun a rana ɗaya, wannan ka kiyaye sosai, in ka je ɗaya ka bar ɗaya shikenan an ba aikinka suna tun bai fara ba. Kuma kar ka nemi maigari ya nuna wa jama'a wanda za su zaɓa, uban kowa ne, sa shi a wannan zai jawo masa matsala ya jawo maka.

MATAKI NA 2: Haɗa tawaga

Mutum biyar zuwa bakwai sun isa akwati ɗaya. A ciki lallai a samu mata biyu ko uku, domin kai namiji iyakarka zaure, kuma fiye da rabin aikin yana cikin gida. Wadda muka fi jin daɗinta ita ce mai riƙe da adashi, sai malamar islamiyyar matan aure, sai unguwarzoma, waɗannan babu ɗakin da ba sa shiga. Ka sa ɗan acaɓa ɗaya, ka sa dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa, in akwai rugar Fulani da ke zaɓe a akwatinku ka sa mutum ɗaya daga can, kar ka ce za ka wakilce su. Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne tara abokansu na majalisa zalla, sai a wayi gari tawagar duk gida ɗaya ce ko jam'iyya ɗaya.

MATAKI NA 3: Ƙidayar gida-gida

Nan ne ainihin aikin, kuma nan ne mutane suke gajiya. Ka ware wa kowane gida shafi guda, ka rubuta sunan maigida a sama, a ƙasa duk wanda ya kai shekara 18, mata da maza, har amaryar da aka kawo wata biyu da suka wuce da ɗan da yake Legas. A gaban kowane suna ka sa alama ɗaya cikin biyar:

yana da kati kuma na akwatinmu ne
yana da kati amma na wani gari ne
ya yi rajista bai karɓo katin ba
katin ya ɓata ko ya lalace
bai taɓa rajista ba

Kar ka yarda da "eh ina da shi", ka ce Baba a ɗauko in gani. Wallahi za ka sha mamaki, wani katin ɗan ƙasa zai miƙo maka, wani 'yar takardar da aka ba shi ranar rajista ce yake ajiye da ita a matsayin kati. Bayan ambaliyar 2022 da ta ci gidaje a Ringim da Hadejia da sauran wurare mun samu gidaje da yawa da katunansu suka tafi da ginin, kuma ba wanda ya tuna da su sai da muka tambaya, mutum yana neman inda zai kwana ina zai tuna da kati.

In an kawo katin ka duba lambar akwatin da ke jiki. Gida huɗu gare ta: jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, sannan akwati. Jigawa 17 ce, Kano 19. Wannan duban yana da amfani saboda a 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe suka koma 176,846 a faɗin ƙasa, kafin zaɓen 2023 kuma ta mayar da wasu mutane sababbin rumfuna, mutum ya zo inda ya saba shekara da shekaru a ce babu sunansa ya yi fushi ya koma gida, alhali sunan yana can gindin tsamiyar da ke bayan makaranta. Saboda haka ko lambar kati ta nuna akwatinku, in an liƙa rajista ka je ka gwada ta da littafinka.

Gargaɗi babba a nan: kar ka taɓa karɓar katin kowa ka tafi da shi, kar ka ɗauki hotonsa, kar kuma ka kwafi doguwar lambar da ke jiki. Masu sayen ƙuri'a haka suke yi, su zo da sunan za a raba tallafi ko taki su tattara katuna ko lambobi, wani katin ba ya dawowa sai bayan zaɓe. Kai ka duba a hannun mai shi ka mayar masa nan take, kuma ka gaya masa duk wanda ya ce ya ba shi katinsa ya ajiye masa, ya ce a'a.

Lokacin zagaye: maza bayan la'asar ko bayan isha, mata da hantsi in an gama aikin safe. Da damina kar ka je da safe, ba za ka samu kowa ba. Ranar kasuwa ma haka, in ana cin Gujungu ko Maigatari ka huta.

MATAKI NA 4: Rajista, canjin wuri da karɓo kati

Ka riƙa leƙa ofishin INEC na ƙaramar hukumarku ko ka bi sanarwarsu a rediyo don ka san ranar da aka buɗe rajista da ranar rufewa, domin ana rufe ta tun da sauran watanni kafin zaɓe. Kyauta ake yi, duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ba ka'ida ba ce. Ka tara mutanenka rukuni-rukuni, goma ko sha biyar, a yi karo-karon mota a tafi da sassafe, in kuma ka ji an kawo na'urar rajista mazaɓarku toh ka bar duk abin da kake yi ka kwashi mutane a wannan makon.

Wanda katinsa ya ɓata ko amaryar da aka kawo daga wani gari, kar su sake sabuwar rajista. Wannan kuskuren ya cinye mutane da yawa, na'ura tana gane yatsa da fuska, rajista biyu kuma laifi ne a doka. Abin da za su nema shi ne a sake musu kati ko a dawo da su akwatinku. Kar kuma ka kai yaron da bai kai 18 ba ko da ya fi ka tsayi, haka ɗan uwanmu na tsallaken iyaka da ba ɗan Najeriya ba, zumunci daban zaɓe daban.

Karɓar kati sai mai shi da kansa, ba a aike. Miji ba zai karɓo wa matansa ba. Saboda haka ka je ka samu maigidan a zaure ka roƙe shi, ka ce Alhaji ga Hajiya wance za ta raka su, za a tafi da hantsi a dawo kafin azahar. Yawancin mazan da suke ƙi, rashin sanin da wa za a tafi ne yake hana su.

MATAKI NA 5: Magana da wanda ya cire rai

Za ka haɗu da mutum iri uku, kowanne da yadda ake bi da shi.

Na farko mai cewa duk ɗaya ne, ko mun zaɓa ko ba mu zaɓa ba sun riga sun rubuta. Kar ka yi masa musu, yana da dalilinsa, ya sha gani. Ni abin da nake ce masa, Baba in da ƙuri'ar nan ba ta da amfani, me ya sa suke biyo mu da taliya da atamfa har cikin ɗaki? Ba wanda yake sayen abin da ba shi da daraja. Sannan in tuna masa 2015 da shugaban ƙasa mai ci ya faɗi zaɓe ya sauka, wannan da idonmu muka gani.

Na biyu mai jiran a ba shi. Wannan ka bi shi a hankali, kar ka zage shi kar ka kira shi maci amana, wanda ya kwana bai ɗora tukunya ba in an miƙo masa dubu biyu ba wa'azi yake ji ba. Lissafi muke yi da shi, dubu biyu a raba ta kwanakin shekara huɗu ba ta kai naira biyu a rana ba, a kan wannan za a bar asibitin mazaɓa babu magani, rijiyar burtsatse ta lalace shekara guda ba mai gyarawa, kuma in ka je ƙorafi a ce ai an biya ka. Akwai masu cewa karɓi kuɗinsu ka zaɓi ra'ayinka, ni ban koyar da wannan ba, saboda doka ta hana saye ta hana sayarwa, kuma na ga yadda ake sa mata rantsuwa kafin a ba su, mace ta shiga rumfa hannunta yana rawa. A 2023 da aka yi ƙarancin takardun naira ma ba su fasa ba, kaya suka koma rabawa da alƙawarin tiransifa.

Na uku, kuma shi ya fi damuna, matashi mai cewa gara soja su karɓa kawai. Tun juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, bayan na Mali da Burkina Faso, wannan magana ta yawaita a majalisu. Ba na yi masa tsawa, yunwa da rashin aiki ne suke magana a bakinsa. Nakan ce ya je ya tambayi 'yan kasuwar Maigatari yadda suka ji watannin da iyaka take rufe, ya kuma zauna da wanda ya yi wayo a 1993 lokacin da aka soke zaɓen 12 ga Yuni ya ji wajen wa aka kai kuka. Kansila komai lalacewarsa ka san gidansu, za ka iya tsare shi a wajen ɗaurin aure, bayan 'yan shekaru ka iya kayar da shi. Kuma wannan ƙuri'ar da ake rainawa, mutanen jam'iyyar NEPU su Malam Aminu Kano tun 1950 suka sha ɗauri da duka a kan talaka ya samu baki, Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, matan Arewa kuwa sai a shekarun 1970 suka samu damar zaɓe. In ka gaya wa iyayenmu mata wannan a tsakar gida za ka ga sun gyara zama.

MATAKI NA 6: Koyar da dangwale

Ka zana gidaje a farar takarda kamar na ƙuri'a, ka sa zanen abin da ba na kowace jam'iyya ba, kamar tulu, fartanya, kaza, don kar a ce kana talla. Kowa ya gwada: tawada kaɗan, yatsa ɗaya, cikin gida ɗaya, kar ya taɓa layi, a ɗan jira ta sha iska sannan a naɗe takardar a tsaye yadda tawadar ba za ta shafi wani gida ba. Tsofaffi su gwada sau uku ko huɗu. Mata su bar ƙunshi a yatsu in zaɓe ya matso, domin lalle yana wahalar da na'ura, ko da yake BVAS, wato na'urar tantance masu zaɓe, in ta kasa gane yatsa tana gwada fuska.

Sannan ka koya wa kowa ya juya bayan takardar da aka miƙo masa ya ga akwai hatimi da sa hannu da kwanan wata. Mutanen Kano sun san zafin wannan, a shari'ar zaɓen gwamna na 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zare ƙuri'u sama da 165,000 a kan wannan batu, sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta warware hukuncin.

MATAKI NA 7: Makonni biyun ƙarshe

Zaɓenmu yakan faɗo da rani, lokacin da samari suke ci-rani. Ka buɗe littafinka ka kira su ɗaya bayan ɗaya tun da wuri su fara tara kuɗin mota, wanda kuma ya zauna can dindindin gara tun lokacin rajista ya mayar da katinsa can. Masu noman rani a shirya da su su yi ban-ruwa ranar jajibiri.

Wannan ne kuma lokacin jita-jita, za a turo murya a WhatsApp wai an ɗage zaɓe, wai ɗan takara kaza ya janye, wai za a yi tashin hankali kowa ya zauna a gida. Ka'idarmu ita ce ba ma tura komai gaba sai mun ji a rediyo daga bakin INEC. In ƙarya ta riga ta zaga gari, a roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallah ko a sa sankira ya zaga.

MATAKI NA 8: Ranar zaɓe

Ka yi cajin komai tun daren jiya wajen mai sola. Bayan asuba ku kai tabarmi da benci da ruwa. A 2023 ƙarfe 8:30 na safe aka tsara buɗewa a rufe layi 2:30 na rana, kuma duk wanda yake kan layi kafin a rufe sai ya yi zaɓe ko da dare zai kai, amma ka saurari sanarwar lokaci a kowane zaɓe. Layin mata daban na maza daban, doka ta yarda da haka a inda al'ada ba ta son cakuɗuwa. Tsofaffi, masu ciki, masu goyo da masu lalura a gaba ake sa su, in an manta ka tuna wa malamin zaɓe cikin ladabi. Makaho yana da damar zuwa da wanda ya amince da shi ya taimaka masa.

Ana hana zirga-zirgar motoci ranar, don haka tsohon da ba ya iya tafiya a shirya masa amalanke ko keke tun jiya. Mata su fito kashi biyu, wasu da safe wasu su tsaya da yara da girki, in na farko sun dawo sai su canje su. Wajen ƙarfe sha biyu ka duba littafinka ka ga wa bai zo ba, ka tura ɗan tawaga ya je ya yi masa sallama.

Abubuwan da ba a yi: ba a talla ko nuna alamar jam'iyya kusa da rumfa, doka ta ce mita 300, ba a shiga wajen dangwale da waya, kuma kar ka bari wani ya tsaya inda zai hango abin da mutum ya zaɓa, in 'yar rumfar dangwalen tana fuskantar jama'a ka roƙi a juya ta. Malaman zaɓen nan yawanci 'yan bautar ƙasa ne, baƙi ne, wani ko Hausa ba ya ji kuma a tsorace yake, ku ba su ruwa ku ba su inuwa ku kwantar musu da hankali. In BVAS ta ƙi aiki a jira a gyara ko a kawo wata. Kar ku yarda da mai cewa a yi haka nan babu tantancewa, domin in ƙuri'u suka fi yawan waɗanda na'ura ta tantance soke akwatin ake yi gaba ɗaya, wahalarku ta tashi a banza.

In 'yan daba suka zo kar ka sa kowa ya tare su. Ku janye mata da tsofaffi, a kira jami'an tsaro da maigari, ka rubuta lokaci da abin da ya faru. Abin da na lura shi ne sun fi zuwa inda mutane suka watse, akwatin da dattawan gari suke zaune a kan benci tun safe ba kasafai ake taɓa shi ba, shi ya sa nake dagewa a kan bencin nan.

MATAKI NA 9: A kasa, a tsare, a raka

Bayan an gama kar a tafi gida, a koma gefe a zauna cikin natsuwa. A gaban jama'a ake zazzage akwati a ware a ƙirga da ƙarfi, kai ma kana rubutawa a littafinka. Malamin zaɓe zai cike fom ɗin sakamakon akwati mai suna EC8A, ejan-ejan na jam'iyyu su sa hannu a ba su kwafi, a ɗauki hotonsa da BVAS don a tura IReV, shafin intanet na INEC da ake duba sakamako, sannan a liƙa sakamakon a bango. Ka ɗauki hoton wanda aka liƙa yadda lambar akwati da alƙaluman za su fito sarai, ka tura wa mutum biyu ko uku nan take, in babu sabis ka tura da zarar ka samu. In babu waya mai hoto ka kwafa da biro mutum biyu su shaida. Ka ja kunnen ejan ɗin kowace jam'iyya kar ya sa hannu a fom ɗin da ba a cike ba, ko da an ce masa dare ya yi.

Daga nan mutum biyu ko uku su bi malaman zaɓe zuwa inda ake tattara sakamakon mazaɓa, ba lallai a bar ku ku shiga ba, ku tsaya a waje ku saurari abin da za a karanta na akwatinku ku gwada da hotonku. Wanda ya tuna mazaɓar Gama ta ƙaramar hukumar Nasarawa a Kano a zaɓen gwamna na 2019 ya san a wajen tattarawa ne abu yake lalacewa, har ta kai an ce zaɓen bai kammalu ba aka sake. In kun ga bambanci kar ku ɗauki doka a hannu, ku ba ejan da 'yan sa ido hoton, shi ne hujjar da ake iya kaiwa gaba.

MATAKI NA 10: Bayan an rantsar da su

Yawancin tawagogi nan suke mutuwa, sai bayan shekara huɗu a sake taruwa. Mu muna zama sau ɗaya a wata, Juma'ar farko bayan la'asar, ko mutum huɗu ne suka zo. A bayan littafin akwai shafin da muke rubuta duk alƙawarin da ɗan takara ya yi a garinmu, da ranar da wurin da ya faɗa. In an kwana biyu sai mu zaɓi buƙata ɗaya tak, misali rufin ajin firamare da iska ta yaye, mu rubuta takarda maigari ya sa hannu, a kai wa kansila da ciyaman da ɗan majalisar jiha, mu riƙe kwafi, bayan wata guda a koma. In ka kai buƙata goma a lokaci guda ba wadda za a yi. In an yi shiru sai a kira shirin rediyo da ake buɗe layi a faɗa cikin mutunci babu zagi, in kuma an yi aikin a koma a yi godiya a fili ko da ba wanda ka zaɓa ba ne.

Kar ku raina zaɓen ƙananan hukumomi, wanda hukumar zaɓe ta jiha take shiryawa, JISIEC a Jigawa KANSIEC a Kano. Na san yadda mutane suke kallonsa, amma tun da Kotun Ƙoli ta yanke a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, muna da hujjar tambayar ciyaman me ya shigo kuma me aka yi da shi.

Duk bayan sallah ƙarama muna sake zaga gidaje mu gyara littafin, a cire waɗanda suka rasu Allah ya ji ƙansu, a ƙara amaren da aka kawo, a rubuta yaran da za su cika 18 kafin rajista ta gaba. In kai ma ci-rani za ka tafi kar ka kulle littafin a ɗakinka, ka damƙa shi a hannun ɗaya daga cikin matan tawagar, su ne ba sa barin gari.